Gidan Kallon Taurari na Griffith da ke Los Angeles: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya saba ganin hotunan birnin Los Angeles na Amurka, da wuya a ce idonsa bai taɓa sauka kan wani farin gini mai ƙubba uku da ke zaune a gefen tsauni ba. Shi ne gidan kallon taurari na Griffith. An buɗe shi a 1935, kuma tun daga ranar aikinsa ɗaya ne: ya ɗora idon mutumin gari a kan na'urar hangen nesa, ba a tambaye shi takardar makaranta ba, ba a tambaye shi kuɗin shiga ba. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi kan tarihinsa da na'urorin da ke cikinsa.

A ina wurin yake, kuma na wane ne?

Yana kan gangaren kudu na Tsaunin Hollywood, cikin gandun shaƙatawa na Griffith, a jihar Kalifoniya. Tsayin wurin daga doron teku mita 346 ne, shi ya sa wanda ya tsaya a farfajiyarsa yake ganin birnin shimfiɗe a ƙarƙashinsa, idan gari ya yi wasai har Tekun Pasifik yakan hango. Ginin mallakar birnin Los Angeles ne, sashen kula da wuraren shaƙatawa ke gudanar da shi. Ƙubbar tsakiya, wadda ta fi girma, ita ce rufin ɗakin kwaikwayon sama. Ta gabas tana rufe da na'urar kallon dare, ta yamma kuma tana ɗauke da madubai masu bin rana.

Wane ne Griffith ɗin da aka sa wa wurin sunansa?

Griffith J. Griffith mutumin Wales ne, an haife shi a 1850, ya yi ƙaura zuwa Amurka yana matashi. Ya fara da aikin jarida, yana rubutu kan harkar ma'adinai, daga baya ya tsunduma cikin harkar da kansa, ya yi arziki da azurfar Meziko, ya zuba kuɗin a filayen Los Angeles. Ranar 16 ga Disamba 1896 ya ba birnin kyautar eka 3,015 domin a yi gandun da kowa zai shiga ya sha iska.

Abin da ya karkato da hankalinsa zuwa sama shi ne ziyarar da ya kai Tsaunin Wilson, arewa maso gabashin birnin, inda aka kammala wata na'ura mai madubi inci 60 a 1908, wadda a lokacin babu mai aiki da ta kai ta girma a duniya. Ya ɗora ido, abin da ya gani ya girgiza shi. An ruwaito ya ce da dukan 'yan Adam za su leƙa cikin wannan na'ura, da duniya ta sauya. To amma na'urar Tsaunin Wilson ta masana ce, ba ta leburan da ya tashi daga aiki ba ce. Sai ya ƙudurta gina wata a kusa da gari, inda kowa zai iya zuwa. A Disamba 1912 ya yi wa birnin tayin dala 100,000 domin wannan aiki.

Idan tun 1912 ya yi tayin, me ya jinkirta ginin har 1935?

Laifin da ya aikata ne. A 1903, a wani otal da ke Santa Monica, Griffith ya harbi matarsa a fuska. Allah ya yi da sauran kwananta, ta rayu, amma ta rasa ido ɗaya. Kotu ta ɗaure shi shekara biyu a gidan yarin San Quentin. Da ya fito, mutuncinsa ya riga ya zube, kuma manyan gari da yawa ba su so a ga hannunsu a cikin kuɗinsa. Tayin ya maƙale har ya rasu a Yuli 1919.

A wasiyyarsa ya ware dukiya domin a gina gidan kallon taurarin da kuma wani dandalin wasanni na fili a cikin gandun, ya kuma gindaya sharaɗin cewa shiga gidan taurarin kyauta ne. Da wannan dukiya aka yi aikin bayan ba ya nan.

Ni dai ban ga dalilin ɓoye wannan ɓangare na labarin ba. Kyautar ba ta goge abin da aka yi wa matar ba, kuma bai kamata mai ba da tarihin wurin ya tsallake ta ba don kawai ginin ya yi kyau.

Su wa suka tsara ginin?

John C. Austin da Frederic M. Ashley ne suka zana shi, bisa zanen farko na Russell Porter, mutumin da ya yi fice wajen koya wa talakawa ƙera na'urar hangen nesa da hannunsu. Masana daga Tsaunin Wilson, ciki har da George Ellery Hale, sun ba da shawara. An fara tono ranar 20 ga Yuni 1933, a tsakiyar babban karayar tattalin arzikin Amurka, lokacin da kayan gini suka yi araha, ma'aikata kuma suke neman aiki ido rufe. Watanni uku kafin nan girgizar ƙasa ta auka wa Long Beach, kudu da birnin. Ganin ɓarnar da ta yi ya sa masu zanen suka fasa adon gasasshen yumɓu da suka so liƙa wa bango, suka ƙara wa kankaren kauri. An buɗe ƙofa ranar 14 ga Mayu 1935, Dinsmore Alter ne shugaban farko, kuma cikin kwana biyar na farko mutum sama da 13,000 suka shiga.

Wace ce babbar na'urar da ake yawan magana a kanta?

Ita ce na'urar Zeiss mai faɗin inci 12 da ke ƙarƙashin ƙubbar gabas. Kamfanin Carl Zeiss na garin Jena a Jamus ne ya ƙera ta. An ba da odarta a 1931, tun ba a aza harsashin ginin ba, kuma ita ce ke aiki har yau. A 1955 aka goya mata wata ƙarama mai inci tara da rabi, ita ma ta Zeiss, suna fuskantar wuri ɗaya.

A cikin na'urorin duniya ba ta cikin manya, ko kusa. Darajarta a yawan idanun da suka bi ta cikinta take. Waɗanda suka leƙa ta tun 1935 sun haura miliyan 7, kuma babu wata na'urar hangen nesa a doron ƙasa da mutane suka leƙa kamarta. Lokacin da tauraro mai wutsiya na Halley ya zagayo a 1985 da 1986, jama'a sun yi dogayen layuka a kanta. Haka aka yi wa Hyakutake a 1996 da Hale-Bopp a 1997. A Yuli 1994 ma, da gutsattsarin wani tauraro mai wutsiya suka faɗa kan duniyar Mushtari suka bar mata baƙaƙen tabo, mutanen gari sun hau tsaunin don su gani da idonsu.

A ganina a nan ne burin Griffith ya cika. Akwai na'urorin da suka gano abubuwan da suka sauya littattafan kimiyya, amma ɗaiɗaikun mutane ne suka taɓa ɗora ido a kansu. Wannan kuwa direba ya leƙa, mai shara ta leƙa, yaron da aka ɗago a hannu ya leƙa, bayan shekara hamsin ya kawo jikansa.

Me ake nufi da inci 12? Tsawon na'urar ke nan?

A'a, faɗin ruwan tabaraun da ke bakinta ne, kimanin santimita 30. Tsawon bututun ya kai wajen mita 5.

Mutane da yawa suna ɗauka aikin na'urar hangen nesa shi ne ƙara girman abu. Wannan na biyu ne. Aikinta na farko tara haske ne, kamar yadda babban baho ya fi kofi tara ruwan sama. Ƙwayar idon mutum, idan ta buɗe iya buɗewarta cikin duhu, ba ta wuce milimita 7 ba. Gilashi mai faɗin santimita 30 yana tara hasken da ya ninka na ido kusan sau 1,900, ya lanƙwasa shi, ya tattara shi wuri ɗaya a ƙarshen bututun. A nan sai wani ƙaramin gilashi, wanda ake ɗora ido a kai, ya buɗe hoton. Shi wannan ƙaramin ana iya cire shi a sa wani, kuma shi ne ke yanke yawan girman da za a gani. Sai dai akwai iyaka. Iskar da ke tsakaninmu da sama kullum motsi take, idan aka matsa wa hoton girma fiye da kima, sai ya dinga rawa kamar abin da ake kallo a ƙasan ruwa.

Na'urorin hangen nesa iri biyu ne. Akwai masu ruwan tabarau, irin wadda Hans Lippershey ya nemi rajistarta a Holan a 1608, Galileo ya inganta ya ɗaga sama a 1609. Ta Griffith daga wannan zuriya take. Akwai kuma masu madubi mai lotsawa, irin wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668. Duk manyan na'urorin bincike na yau masu madubi ne, saboda madubi ana iya tallafe shi ta baya gaba ɗaya, shi kuwa ruwan tabarau sai ta gefe kawai ake riƙe shi, idan ya yi girma nauyinsa yakan sa ya lanƙwashe. Shi ya sa na'urar Yerkes mai inci 40, ta 1897, ta zama kusan ƙarshen inda masu ruwan tabarau suka kai. Amma wajen kallon wata da duniyoyi, inda ake son hoto tar, doguwar na'ura mai ruwan tabarau har gobe tana da daɗin kallo, kuma ba ta bukatar yawan saiti. Ga wurin da ɗaruruwan mutane za su bi layi a dare ɗaya, wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Idan na samu na hau, me zan gani?

Za ka hau rufin ginin ta matakala, ka bi layi a waje, fitilun birni a ƙasa kamar an watsa garwashi. Idan layi ya zo kanka sai ka shiga ƙubbar. Ciki da duhu, rufin a tsage daga sama zuwa ƙasa kamar an yanka kankana, bututun ya miƙa kai ta tsagar. Ma'aikacin da ke wurin zai gaya maka abin da aka saita a daren, ka taka 'yar matakala, ka kusanto da ido ba tare da ka kama na'urar ba. Da farko wataƙila baƙi kawai za ka gani. Ka ɗan matsa kai kaɗan, sai hoton ya faɗo.

Idan duniyar Zuhal ce, za ka ga 'yar ƙwallo mai ruwan ƙwai-ƙwai da zobe kewaye da ita, tsaf kamar an zana. Mutane da yawa sukan ɗago kai su tambaya ko hoto aka liƙa a bakin gilashin. Ba hoto ba ne. Hasken da ya shiga idonka ya baro Zuhal fiye da awa ɗaya da ta wuce. A daren da iska ta kwanta, har siririn baƙin layin da ya raba zoben, wanda Cassini ya gano a 1675, ana gani. Idan Mushtari ce, za ka ga ratsi-ratsin gajimarenta da manyan watanninta huɗu jere a gefe kamar ɗigon gishiri, su ne waɗanda Galileo ya gani a Janairu 1610. Zara kuwa, wadda ido ke gani kamar tauraro mai ƙyalli, a na'ura takan fito rabi ko lauje kamar jinjirin wata.

Wata shi ne ya fi burge sabon zuwa, amma ba daren sha huɗu ne ya fi kyau ba. A lokacin rana tana dukansa gaba da gaba, babu inuwa, sai ya zama fari fat mai kashe ido. Ka nemi lokacin da yake rabi. A kan iyakar haske da duhu duwatsunsa suna jefa dogayen inuwoyi, ramukansa suna fitowa da zurfinsu, har ka ji kamar kana shawagi a kansa, alhali tsakaninku kilomita 384,000 ne. Gani ya kori ji.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun daga gida: ba za ka ga launukan da ke cikin hotunan na'urorin sararin samaniya ba. Waɗancan kyamara ce ta daɗe tana tara haske kafin su fito. Ido ba ya tarawa, abin da ya shigo a take shi yake gani.

Ba a rasa abin da ake kallo yayin da ƙasa ke juyawa?

Da za a bar na'urar tsaye cik, da cikin ƙasa da minti biyu abin ya sulale ya fita daga gani, domin sama tana gangarawa yamma digiri 15 a kowace awa. Shi ya sa aka ɗora ta kan ginshiƙin da sandarsa ɗaya ke daidai da sandar juyawar ƙasa, tana nuni da tauraron arewa. Inji yana juya wannan sanda a hankali, gudu ɗaya da na ƙasa amma ta kishiyar hanya. Ƙubbar ma tana juyawa kan ƙafafu domin tsagar ta bi bakin na'urar.

Ta yaya ake kallon taurari a tsakiyar birni mai wannan uban haske?

Gaskiya hasken Los Angeles ya cinye yawancin sama. Taurari marasa ƙarfi da galaksi masu nisa, wato manyan gungun taurari irin namu, sun nutse cikin jan hazon fitilu. Amma wata da duniyoyi da taurari masu ƙarfi ba su damu da wannan ba, kuma su ne abincin na'urar Zeiss.

Akwai abin da ya faru da ke nuna irin asarar da birane suka yi. Da asubahin 17 ga Janairu 1994 girgizar ƙasa ta Northridge ta kashe wutar birnin. Mutane suka fito waje a firgice, suka ɗaga kai, suka ga sama cike da abin da ba su saba gani ba. Bayan haka wasu suka dinga buga wa gidan kallon taurarin waya suna tambayar me ya sami sama. Babu abin da ya same ta. Taurari ne, waɗanda kullum suna nan, fitilu ne suka rufe su. Duk lokacin da na tuna wannan labari sai ya sosa mini rai, a ce mutum ya girma bai san kamannin dare ba.

Ana yin binciken kimiyya a nan?

Ba don haka aka gina shi ba. Binciken yana can kan duwatsu masu nisa da fitilu. A Tsaunin Wilson, da na'ura mai inci 100 da ta fara aiki a 1917, Edwin Hubble ya tabbatar cewa Andromeda galaksi ce mai zaman kanta, sannan a 1929 ya nuna cewa galaksi suna nisantar juna. A Tsaunin Palomar aka ƙaddamar da mai inci 200 a 1948. Aikin Griffith shi ne ya sauko da abin da aka gano a can zuwa inda jama'a suke.

Da rana fa, akwai abin kallo?

Akwai, kuma mutane da yawa sukan wuce shi ba su sani ba. A ƙubbar yamma akwai madubai da inji ke juyawa suna bin rana tun daga hantsi, suna cilla haskenta ƙasa zuwa cikin ginin, inda aka raba shi wa na'urori uku. Ta farko tana nuna fuskar rana a kan allo, fara, da baƙaƙen ɗigo idan akwai su. Waɗannan ɗigo wurare ne da suka fi kewayensu sanyi, wasunsu sun fi duniyarmu faɗi, kuma yawansu yana hawa da sauka a zagayen kimanin shekara 11. Ta biyu tana warware hasken zuwa launukan bakan gizo, da siraran baƙaƙen layuka a ciki. Waɗannan layuka sa hannun sinadaran da ke cikin rana ne, da su aka san abin da ta ƙunsa ba tare da kowa ya je ba. Ta uku tana tace komai ta bar jan hasken haidirojin kaɗai, a nan ne ake ganin harsunan iskar gas da ke tashi daga gefen rana.

Kada wanda ya karanta wannan ya je ya ɗaga tabaraun hangen nesa ko wata na'ura ya kalli rana. Cikin ƙiftawar ido takan ƙone gani, kuma ba ya dawowa. Na'urorin Griffith an ƙera su ne musamman domin su rage hasken kafin ya iso ido.

Mene ne ɗakin kwaikwayon sama?

Zaure ne mai rufin ƙubba, faɗinsa kimanin mita 23, yana ɗaukar mutum kusan 300. Ana kashe fitilu, wata na'ura da ke tsakiya ta haska dubban taurari a jikin rufin, kowanne a mazauninsa na gaskiya. Ana iya tafiyar da dare cikin minti ɗaya, ko a nuna saman wata ƙasa, ko saman shekara dubu da ta wuce. Wanda bai taɓa ganin Kaza da 'Ya'yanta a sarari ba saboda fitilun birni, a nan zai gan su.

Griffith bai san wannan na'ura ba, domin sai a 1923, shekara huɗu bayan rasuwarsa, kamfanin Zeiss ya ƙirƙiro ta a Jamus. Shi zauren nuna fim ya tanada a wasiyyarsa, masu kula da dukiyar suka ga wannan ya fi dacewa da nufinsa. Ɗakin Griffith shi ne na uku a Amurka, bayan na Shikago da na Filadelfiya. An sauya na'urar taurarin a 1964, aka sake sauyawa a 2006, duka ukun na Zeiss ne. A Yaƙin Duniya na Biyu an koya wa matuƙan jirgin sama gane hanya da taurari a ƙarƙashin wannan ƙubba, a shekarun 1960 kuma 'yan sama jannatin shirin Apollo sun zo sun haddace taurarin da za su bi zuwa wata. Har yanzu mutum ne mai rai yake tsayawa ya yi bayani da bakinsa a kowane nuni, ba faifai ake kunnawa a tafi ba.

Wannan ƙwallon da ke lilo a bakin shiga fa?

Lilon Foucault ne. Ƙwallon tagulla ce mai nauyin kilo 109, rataye da waya mai tsawon mita 12 daga rufin zauren tsakiya, tana kai da komo a cikin wani rami mai zagaye. A ƙasan ramin an jera ƙananan turaku. Idan ka tsaya ka jira, za ka ga tsinin ƙwallon yana matsowa kusa da wani turke a kowane wucewa, yana gogarsa, har ya kayar da shi. Yara sukan yi ihu idan ya faɗi. Abin mamakin shi ne lilon bai sauya hanyarsa ba. Ginin ne, da tsaunin, da kai da kake tsaye, kuke juyawa a ƙarƙashinsa. Léon Foucault ya fara nuna wannan a Faris a 1851, ya zama hujjar farko ta juyawar ƙasa da mutum zai gani a cikin ɗaki ba sai ya kalli sama ba. A inda Los Angeles take, zagayen yana cika cikin awa 42 da 'yan kai.

Akwai kuma na'urar Tesla mai aman tartsatsin lantarki da ƙara, tana wurin tun 1937.

An ce an taɓa rufe wurin na shekaru. Me ya faru?

Tsufa ne da yawan jama'a. An rufe shi a Janairu 2002, aka sake buɗewa ranar 3 ga Nuwamba 2006, bayan aikin da ya ci dala miliyan 93, daga kuɗin jama'a da gudummawar masu hali. Dabarar da aka yi ta burge ni. Maimakon a jingina sabon gini da tsohon a ɓata masa fuska, sai aka tone ƙarƙashin farfajiyar gaba, aka tallafe tsohon ginin, aka gina sababbin zauruka a ƙasa, aka mayar da ciyawa a kai. Fili ya ninka fiye da biyu, amma wanda ya san wurin a 1935 zai gane shi yau. A can ƙasa akwai wani hoton sama mai tsawon mita 46 da tsayin mita 6, na yankin gungun galaksi na Virgo. Duk abin da ke cikin wannan makeken hoto, ɗan yankin sama ne da yatsanka manuni zai rufe idan ka riƙe shi kamar taƙi ɗaya da rabi daga fuskarka.

Su wane ne mutum shidan da aka sassaƙa a jikin hasumiyar da ke gaban ginin?

Masana taurari ne: Hipparchus, Copernicus, Galileo, Kepler, Newton da William Herschel. An kammala hasumiyar a 1934, ƙarƙashin shirin gwamnati na sama wa masu sassaƙa aiki a lokacin karayar tattalin arziki. Dukansu sun cancanta. Amma tsakanin Hipparchus da Copernicus akwai shekara sama da 1,500, kuma ba barci duniya ta yi a cikinsu ba. A wannan tsakani ne al-Battani ya yi awon da Copernicus da kansa ya ambata a littafinsa, al-Sufi ya rubuta bayanin taurari, Ibn al-Haisam ya bayyana yadda haske ke shiga ido, Ulugh Beg ya gina gidan kallon taurari a Samarkand. Shaidar tana bakin ma'aikatan wurin kowane dare, domin sunaye irin su Aldebaran da Altair daga Larabci suka fito.

Ana duba wa mutum tauraronsa a nan?

A'a. Ilimin falaki ake yi, wato sanin mene ne taurari, ina suke, yaya suke tafiya. Ba a faɗa wa kowa sa'arsa ko ranar aurensa. Edwin Krupp, wanda ya karɓi shugabancin wurin a 1974, ya yi rubuce-rubuce da yawa kan yadda mutanen zamanin da can suka fahimci sama suka kuma tsara kalandarsu da ita, amma wannan tarihi ne, ba duba ba.

Nawa ake biya, kuma yaushe ya fi dacewa a je?

Shiga ginin, zagaya zaurukan nuni da leƙa na'urorin hangen nesa duk kyauta ne. Nunin ɗakin kwaikwayon sama ne ake sayen tikiti, sai kuma wurin ajiye mota kusa da ginin. An saba rufewa ranar Litinin, sauran ranaku kuma ana kaiwa ƙarfe 10 na dare, amma a duba shafinsu na intanet kafin a kama hanya, domin lokuta sukan sauya. Na'urar Zeiss sai dare ya yi kuma sama ta washe ake buɗe ta. Idan gajimare ya rufe, ƙubbar ba ta da abin nunawa. Ana yanke layin tun kafin lokacin tashi, saboda haka wanda ya zo a makare zai iya komawa bai leƙa ba. Yawancin darare akwai ƙananan na'urori da ma'aikata ke kafawa a farfajiya, layinsu ya fi gajarta. Kusan sau ɗaya a wata kuma, ranar Asabar, ƙungiyoyin masu sha'awar taurari na birnin sukan kawo nasu na'urorin su jera a kan ciyawa, wasu ma da hannunsu suka goge madubansu, su bar duk wanda ya zo ya leƙa. A tafi da rigar sanyi ko da rana ta yi zafi, domin kan tsaunin yana da iska da dare.